Tabarau a Aljihun Suruki

Dakta Idirisa mutum ne da zai tsaya gaban manyan malamai ya yini yana bayani a kan haske, harshensa bai yi tuntuɓe ba. Amma kai shi gaban surukinsa, Alhaji Alkasim na unguwar Zariya, ka ga ikon Allah. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa wa tabarma ido kamar ita ya zo gaisarwa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba, ko ɗalibi mai suna Alkasim ya samu a aji sai dai ya kira shi mai sunan Baba. Aurensa da Zalihatu har ya kai ga ɗiya mai zuwa makaranta, amma da za a ce ya kwatanta fuskar Alhaji da ya sha wuya. Hannayensa dai ya san su sarai, dogayen yatsu da zoben azurfa mai faɗi a na dama. Mutanen Maraɗi suna yabonsa, suna cewa boko bai cinye masa tarbiyya ba, shi ma kuma yana jin daɗin yabon.

Ɗan Jiratawa ne, cikin garake ya tashi, tsakanin albasa da tumatir da zogale. Abin da ke damunsa tun yana ɗalibi shi ne takin zamanin da manoma ke zubawa, ruwa ya wanke shi ya gangara ƙasa, ya koma cikin rijiyoyin da mutane ke sha. Ruwan garau yake a ido, ba wari ba ɗanɗano. Shi ya sa da ya gama karatu ya kama koyar da fizik a jami'a, ya ɗaura aniyar haɗa na'urar da za a ɗiga wa ruwan rijiya, ta haska shi da lazer, ta faɗi yawan takin da ke ciki nan take.

Asirin aikin yana cikin wani ɗan dutse garai-garai kamar ƙanƙara, wanda suke kira kiristal. Ba haƙo shi ake yi ba, renonsa ake yi cikin kwalba, a yi makonni ana lallaɓa shi, kada zafi ya yi yawa, kada a girgiza tebur. Hasken da lazer ɗinsu ke fitarwa ido ba ya ganinsa sam. Sai ya ratsa kiristal ɗin nan ya fito kore shar, koren kuma shi ke tona abin da ke cikin ruwa. Matsalar ita ce, da wanda ake gani da wanda ba a gani, duk wanda ya faɗa ƙwayar ido ƙona ta yake yi kafin mutum ya ƙifta, kuma ba ya jin zafi balle ya sani.

Domin haka ɗakin binciken, wanda kowa ke kira labo, yana da doka. Mai dokar kuwa Madam Damaris ce, abokiyar aikinsa, Bagobirar Tsibiri da ke zuwa kowace safiya a kan babur. Duk mai shiga sai ya tuɓe zobe da agogo da kowane abu mai ƙyalli, ya ɗaura wani ƙaton tabarau ruwan lemo, mai igiyar roba da ke zagaye ƙeya. Mai hula sai ya cire ta kafin igiyar ta zauna. Tabarau ɗin yana tare koren gaba ɗaya, masu aikin a allon ordinatar, wato kwamfuta, suke ganin abin da suke yi. Damaris ta taɓa mayar da wani babban malami daga bakin ƙofa don ya ce leƙawa kawai zai yi, Idirisa kuwa ya fi ta tsanani idan ɗalibi ne ya yi sakaci.

Ita lazer ɗin a cikin kamyon Alhaji Alkasim, babbar motarsa ta kaya, ta iso Maraɗi daga Lome, naɗe da barguna tsakanin buhunan shinkafa, Alhaji yana bin direba da waya a kowane zango kada ya faɗa rami. Tun daga nan yake cewa wata rana zai zo ya ga amaryar da motarsa ta ɗauko. Kowa ya ɗauka magana ce irin ta manya.

Ran wata Asabar da hantsi, Damaris tana Tsibiri wurin bikin ƙanwarta a majami'a, Idirisa yana labo shi kaɗai. Sabon kiristal ya ba shi ƙarfin da bai taɓa samu ba, yana ta murmushi shi da allo. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya kashe na'ura, ya sauke tabarau a wuya, ya buɗe. Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Farar babbar riga, agogo, zoben azurfa. Alhaji ne, ya taso daga wani ɗaurin aure nan kusa ya ce bari ya biyo.

Idirisa ya zube ƙasa a kan siminti. "Barka da hantsi, Baba. An zo lahiya?"

"Lahiya lau, Malam. Tashi, tashi. Na ce yau dai sai na ga amaryar tawa. Ina take?"

Ya tashi ya nuna teburin, ya yi bayani da muryar da shi kansa da ƙyar yake ji. Alhaji ya saurara, ya ce to a kunna ya gani. Idirisa ya ɗauko tabarau ɗaya daga maratayi. Maganar da yake faɗa wa ɗalibai kullum tana nan a bakinsa: a cire hula, a cire zobe, a cire agogo. Ya juya ta a kan harshe ya ji ba ta da hanyar fita. Shi, ya ce wa surukinsa ya tuɓe hula? Sai ya miƙa tabarau ɗin da hannu biyu, kai a sunkuye, ya ce, "Baba, ga wannan."

Alhaji ya karɓa ya jujjuya shi. "Kai, madalla. Har da tsaraba? Allah shi yi albarka." Ya jefa shi cikin aljihun babbar riga.

To, nan ne wurin da ya kamata a yi magana, kuma ba wata doguwar magana ba ce. Sawa ake yi, Baba. Ɗan ajin farko ma zai iya faɗin haka. Amma faɗin haka yana nufin a nuna wa babba bai gane ba, a sa shi ya mayar da hannu aljihu ya fiddo abin da ya riga ya sa wa albarka. Idirisa ya yi tunanin ya ce wuta ta ɗauke, ga fitila tana ci a bisa kansu. Sai ya shiga lallashin kansa: zai rage ƙarfin, ɗan lokaci kaɗan ne, hasken a kwance yake daidai tebur, Alhaji kuwa dogo ne kuma a tsaye yake. Ya kashe fitila. Ya jawo nasa tabarau ya mayar a ido, don hannu ya riga ya saba. Ya murɗa makullin lazer.

"Masha Allah!" in ji Alhaji. "Kore kamar garkar zogale bayan ban ruwa. To ta ina shike shiga? Nan ban ga komi ba."

A ɗan hasken allo Idirisa yana kallon hannaye, kamar kullum. Ya ga rigar ta sunkuyo. Ya ga hannun dama ya miƙo yana nuna wurin da ba a ganin komai, gab da kiristal, zoben azurfa ya ratsa hanyar hasken. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Baba..." a hankali, kamar mai neman izinin magana.

"Uhm," in ji Alhaji. Ya ja da baya.

Idirisa ya kashe na'ura ya kunna fitila. Ya ga hannun rigar ya tashi sama zuwa fuska, ya daɗe can, sannan ya sauko. Ya kamata ya ɗaga kai ya duba. Bai ɗaga ba. Alhaji ya yi addu'a Allah ya sa aikin ya amfani jama'a, ya ce azahar ta gabato, ya fita. Idirisa ya raka shi har mota, ya durƙusa a rana har ta sha kwana.

Ranar bai iya cin tuwo ba. Ya san abin da littattafai suka ce, shi yake koyar da shi: idan hasken ya taɓa ido, gaggawar zuwa likita ita ce kawai abin da ya rage, ko a samu a rage kumburi kafin tabo ya zauna. Ya san haka kamar yunwar cikinsa. Amma kunya ta riga ta haifi wata kunyar. Ɗazu tabarau ya kasa faɗa, yanzu kuwa sai ya faɗi cewa ya ga tabarau ya shiga aljihu, ya rufe nasa idon, ya kunna. Sai ya bi hanyar da aka saba bi. Ya ce wa Zalihatu, kamar abin bai dame shi ba, ta ji ko hasken nan bai damu Baba ba. Zalihatu ɗiyar fari ce, ita ma ba ta doguwar magana da mahaifinta, sai ta gaya wa mahaifiyarta, Hajiya Mariyam. Hajiya ta tambayi Alhaji ya gajiyar ɗaurin aure, ya kuma ido. Amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi, ta iso wa Idirisa ran Lahadi da yamma: lafiya lau, yana gaishe shi. Ya riƙe wannan amsa da hannu biyu, ko da yake ya san tambayar da ya aika ba ita ce ta isa ba.

Ran Litinin Damaris ta shigo, ko jakarta ba ta ajiye ba ta dubi maratayi. "Dakta, ina tabarau guda?"

Da ƙarya tana cikin halinsa da ya ce ɗalibi ya ara. Ya zauna a kan kujera ya ba ta labari, yana kallon takalminta. Ta bar shi ya kai aya.

"Kai kana da naka a ido?"

"Ina da shi."

"Shi kuma nashi na aljihu, ka gani, ka kunna."

Ya gyaɗa kai.

"Yau kwana nawa, ba a kai shi likita ba, kana zamne kana aika gaisuwa? Malam Idi, mu ma muna da surukai a Tsibiri, ni ma har ƙasa nike gaida uwar mijina. Amma in na ga kunama bisa zanenta ba sallama zan tsaya yi ba. Wanga ba ladabi ba ne. Kanka ka tausaya ma, ba shi ba." Ta zare makullin lazer ta jefa a jaka. "Ba a sake kunna ta sai ka hwaɗa mishi da bakinka. In ka kasa, gobe ni zan tahi."

Bayan la'asar ya tafi unguwar Zariya da maganar a shirye, har ya yi ta bitarta a kan hanya. Ya tarar da zaure cike da fatake da direbobi, ana lissafin tafiya. Ya durƙusa ya gaida Alhaji. Ya gaida gida. Ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar gajiya. Ya ce a ransa bari mutane su ragu, wannan ba maganar gaban jama'a ba ce. Mutane ba su ragu ba, aka kira magariba, ya tashi ya bi sahu ya yi salla, ya koma gida da maganarsa a ciki kamar yadda ya zo da ita.

Da safe suka tafi tare da Damaris, ita a gaba shi a baya. Aka ce ai Alhaji ya yi sammako, ya tafi Katsina, daga can kuma sai Kano, harkar kaya. A ranar Idirisa ya zaunar da Zalihatu ya gaya mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Kuka ta yi, ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu. Wannan karon saƙon ya tafi cikakke, amsa ta dawo ta bakin Hajiya: Alhaji ya ce a daina tayar da hankali, idonsa ƙalau.

Makonni suka wuce. Makulli yana jakar Damaris, kiristal yana cikin kwalbarsa a rufe, kwalaben ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin Jiratawa suna jere a kan kanta ba mai taɓa su. Idirisa yana shiga aji yana koyarwa, amma da ya zo babin kiyaye ido sai ya ce wa ɗalibai su karanta a gida. Wani dattijo ya tare shi a bakin masallaci yana nuna shi ga 'ya'yansa, yana cewa ku dubi yadda ake girmama suruki. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da Alhaji ya dawo, Idirisa ya je barka da zuwa. Ya yi sa'a, ko rashin sa'a, zaure ba kowa. Alhaji yana zaune a kan darduma da ɗan murhunsa, yana dafa shayi da kansa, don ba ya yarda kowa ya dafa masa. Duk Zariya an san zubin shayinsa: yakan ɗaga buta sama har daidai kafaɗa, shayin ya sauko siriri cikin ɗan kofi, ko ɗigo bai faɗi waje ba. Idirisa ya sha kallon wannan, tunda hannaye ne rabonsa.

Suka gaisa. Buta ta tashi sama. Shayin ya sauko ya zuba a kan faranti, gefen kofi. Hannun ya gyara, ya wuce ɗaya gefen. Buta ta tsaya. Sai hannun hagu ya lallaɓo ya laluba bakin kofin da yatsa, buta ta sauko ƙasa har bakinta ya taɓa gilashi, aka zuba a hankali kamar yadda baƙo ke zubawa.

Idirisa ya dubi shayin da ke malala a farantin. Kunyar da ya ji a lokacin ba irin wadda ake yabonsa da ita ba ce, wannan ƙuna take yi. Ya ɗaga kai.

Fuskar ta fi yadda yake zato ƙanƙanta, da farin gemu, da 'yan tsagu da tsufa ya kusa shafewa. Idanun biyu garau, ba ja ba kumburi, ba mai cewa akwai abin da ya same su.

"Baba, ni na ɓata maka ido," ya ce. "Tabarau ɗin da na ba ka sawa ake yi. Na ga ka sa shi aljihu, na yi shiru, na sa nawa, na kunna. Na san a ranar ya kamata a kai ka likita, na sake yin shiru."

Alhaji ya ajiye buta a kan garwashi.

"Na sani, Malam. Tun cikin mota na ga wani baƙin abu ya tsaya mani a idon dama. Na ce zai wuce, na yi ta sa tozali. Da ya ƙi wucewa na ƙirƙiro tahiyar Kano. Likita ya duba ya ce tabo ya zamna, da na zo da wuri da wataƙila an rage. Ya tambaye ni mi ya same ni, na ce mishi wutar mai walda ce."

"Baba, don me ba ka aiko ba?"

"In aiko a ce mi? A ce ma mijin ɗiyata ya taɓa mani ido? Da wane baki?" Ya ɗan yi murmushi. "Kuma bari ka ji. Ina sa abin nan aljihu na hangi irinshi rataye a wuyanka, na gane ba tsaraba ba ce. To na riga na yi godiya, na sa albarka. In hiddo shi gabanka in ce ban san abin da ake yi da shi ba? Na ce a raina, in da haɗari ai Malam zai hwaɗi."

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi duk faɗan Damaris zafi. Hawaye suka zubo wa Idirisa, bai share ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Alhaji ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ya dube shi da na dama. "Ga rigarka ina gani, ga bango, ga ƙohwa. Huskar ce babu, baƙi ne a wurin. Shekara da shekaru ina jira yaron nan shi ɗaga kai mu dubi juna." Ya sauke hannun. "To, Allah ya bar mani guda. Kai ka taɓa ganin koren nan naka da idonka?"

"A'a, Baba. Sai a allo."

"Ni na gan shi. Shina da kyau." Ya sa hannu ƙarƙashin matashin da yake jingine, ya jawo tabarau ɗin nan ruwan lemo. "An ce mani kun rufe aiki. Ba da yawuna ba. Mutanen Jiratawa na can na shan ruwansu, ni kuma idona ba zai dawo ba don kun zamna. Ran da za ku gwada ruwan zan zo, kuma ba ni da idon bayarwa na biyu. Zo ka gwada mani yadda ake sa shi."

Ya kai hannu ya cire hularsa da kansa, ya ajiye a kan darduma.

Idirisa ya matso da gwiwoyi. Bai taɓa kusantar mutumin nan haka ba. Ga furfura, ga ɗan sanƙo a tsakiya, ga shatin da hula ta bari a goshi. Ya ɗora tabarau a kan idanun, ya ja igiyar zuwa ƙeya. Alhaji dogo ne ko a zaune, igiyar ta ƙi kaiwa inda ya kamata.

"Baba, sunkuyo," ya ce.

Alhaji Alkasim ya sunkuyo.